Gatarin Aradu, Ƙanƙara da Tsingaron Kufai: Abin da Ƙasar Kaduna ke Fitarwa

Wanda ya saba kallon bidiyon Amurkawa suna tsintar kawunan kibiya na dutse a bakin rafi, ko Turawan Ingila suna fasa dutse a gaɓar teku sai ga siffar dodon-koɗi a ciki, in ya ɗauki wannan tunanin ya shiga dajin Kaduna, ƙura kawai zai kwaso a ƙafa. Ƙasarmu tana da nata, har da abin da ake tasowa daga wata uwa duniya a zo gani. Sai dai kowace ƙasa da irin abin da take haifarwa, kuma wanda bai san dutsen da yake takawa ba, bai san abin da zai nema ba.

Kusan duk Jihar Kaduna a kan tsohon dutse take zaune, giranit da danginsa, irin wanda ake gani a Kufena, Kajuru, Kagoro da Kujama. A lissafin masana, mafi yawansa ya haura shekara miliyan 500, kuma ko dai daga narkakken dutse ya daskare, ko zafi da danniya sun toya shi sun sauya masa kama. Halitta ba ta barin sawu a irin wannan dutse. Don haka maganar tsintar ƙashin dabbar da ta zama dutse a nan, a ajiye ta. Mai son wannan sai ya nufi yankin Sakkwato, wajen Wurno, Dange da Goronyo, inda teku ta taɓa kwanciya fiye da shekara miliyan 55 da suka wuce, ko kuma dutsen farar ƙasa na Ashaka a Gombe, mai cike da manyan katantanwar teku masu naɗi. Akwai wata dabbar ruwa da aka raɗa wa suna Goronyosaurus saboda a ƙasar Goronyo aka tono ta. Abin da kan yaudari mutane a nan gida shi ne wani baƙin zane mai rassa kamar ganye da ke fitowa a tsagin dutse. Ba ganye ba ne, ma'adinin manganis ne da ruwa ya shigar ya bushe. Haka marmara mai ramuka da bututu-bututu, sau da yawa a kan ɗauke ta ƙashi ko saiwa. Gwaji mai sauƙi: ɗiga ruwan lemon tsami ko binega. Farar ƙasa, wadda mafi yawan burbushin halittun teku ke cikinta, za ta yi kumfa. Giranit da marmara ko gezau.

Abin da tsohon dutse ya hana mu ta nan ya ba mu ta can. Shi ke haifar da lu'ulu'u, da kuza, da zinare. A kansa kuma mutane suka zauna dubban shekaru suka bar kayansu.

Lokaci da wuri

Idon mai nema ba ya ratsa ciyawa. Lokaci mafi kyau shi ne daga ruwan farko zuwa kafin shuka ta rufe ƙasa, wato ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Yuni a yawancin jihar, kudu ta ɗan riga arewa. An yi huɗa, garma ta juyo ƙasa, ruwa mai ƙarfi ya sauka ya wanke ƙura. Washegarin irin wannan ruwan za ka ga kowane ɗan dutse ya hau kan ɗan tudun ƙasa kamar an ɗora shi, domin ruwa ya cinye gefensa ya bar abin da ke ƙarƙashinsa. Lokaci na biyu shi ne Disamba zuwa Fabrairu bayan an ƙone daji, sai dai toka da ƙurar hunturu suna mayar da komai launi ɗaya. Tsakuwar bakin kogi kuwa sai ruwa ya ja, daga Janairu zuwa Afrilu.

A fita da sassafe, ƙarfe 7 zuwa 9 da rabi, ko bayan la'asar. Rana a kwance tana ba kowane abu inuwa, kaifi da lanƙwasa su fito. Da ta take tsaka, ƙasa sai ta zama shafal. Ka sa ranar a gefenka ko bayanka. Ka bi kunya ɗaya har ƙarshe, ka tsallake biyu ka dawo, ido a kan taku biyu zuwa uku da ke gabanka. In ku uku ne ko huɗu, ku jeru da tazarar mita 3 tsakani. Gona mai faɗin kadada ɗaya, in ana so a yi mata duba na gaskiya, tana cin mutum ɗaya fiye da awa biyu. Wanda ya gama a minti ashirin yawo ya yi.

Mutanen dā abin da suke nema shi ne ruwa kusa, tudun da ambaliya ba ta kaiwa, da dutsen fakewa. Don haka a duba gindin duwatsu, da kafaɗar tudu mai kallon fadama, da mahaɗar rafi biyu, da bangon kwazazzabon da zaizaya ta yanka, da ramin da masu titi suka ɗebi burji. Kufai yana da shaidu. Kukoki a cunkushe inda babu gida, ƙasa mai duhu da toka-toka a tsakiyar jar ƙasa, ɗan tudu mai tsawo wanda ragowar ganuwa ce, ramukan marina da suka cike, da ramuka masu santsi a kan falalen dutse inda aka yi shekaru ana niƙa. Kewayen Turunku da Kufena cike yake da irin wannan.

Kafin taku na farko, a gaida mai gona, a gaida mai unguwa ko dagaci, a faɗi abin da ya kawo ka. Baƙo mai sunkuye-sunkuye a gonar mutane a wannan zamanin, ba kyakkyawar fassara za a yi masa ba. Ban da haka, manomi ya fi kowa sanin inda fartanyarsa ke karo da tsingaro.

Aikin hannu ko fashewar banza

Abin da aka fi tsinta kuma aka fi ganewa shi ne gatarin aradu. Dutse ne baƙi ko kore mai duhu, mai laushin ƙwaya, tsawonsa daga santimita 5 zuwa 15, baki a faɗaɗe a wase ta fuska biyu, ƙeya a tsuke. Sunan ya samo asali daga imanin cewa tsawa ce ke jefo shi, kuma dalilin imanin a fili yake: bayan ruwa mai tsawa ake ganinsa, don ruwan ne ya tone shi. Mutum ne ya sassaƙa shi, ya goga shi a kan wani dutse da yashi da ruwa har ya yi santsi, ya ɗaura shi a ƙota. In ka karkata shi a rana za ka ga siraran layukan gugar duk sun nufi waje ɗaya kusa da baki, jikin kuma da ɗigo-ɗigon dandaƙa. Dutsen da kogi ya goge santsinsa ɗaya ne ko'ina, kuma ruwa dakushe kaifi yake yi, ba ya wasa shi.

Kawunan kibiya na dutse irin masu kyan nan, a Sahara suke da yawa, wajen Tenere a Nijar. A nan ba su cika samuwa ba. Abin da mafarautan dā na yankinmu suka fi bari shi ne 'yan ƙananan ɓantarori na farin dutsen ƙanƙara, santimita 1 zuwa 3, wasu kamar jinjirin wata, gefe ɗaya da kaifi, ɗaya an dakushe shi da gangan don a liƙa shi a itace da ƙaro. Irinsu wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, ya tono a kogon Rop na tsaunin Jos a 1944. Akwai kuma manyan da suka fi su tsufa nesa ba kusa ba, masu siffar ƙwallon mangwaro da aka sassaƙe ta fuska biyu, cike da tafin hannu, waɗanda masu haƙar kuza suka riƙa fitarwa daga tsakuwar ƙarƙashi a Nok da Mai Idon Toro.

A nan ake yawan kuskure, don ƙanƙara dutse ce mai fashewa barkatai. Ɓantaren da mutum ya fitar yana da ɗan dandali mai faɗi a kai inda aka buga. Daidai ƙarƙashin wurin bugun, a fuskar ciki, akwai ɗan ƙullutu, daga nan wasu layuka su bazu kamar an jefa tsakuwa a kududdufi. A bayansa kuma akwai guraben ɓantarorin da aka riga aka cire. In an gyara bakinsa, za ka ga ƙananan gurabe a jere, girmansu kusan ɗaya, duk daga fuska ɗaya. Kofaton shanu da bakin garma su ma suna ɓantare dutse, amma nasu ɗaya nan ɗaya can ne, kuma wurin fashewar ya fi sauran jikin haske don sabo ne. Wuta tana ɓallo faifai mai zagaye wanda ba shi da dandali. Tsakuwar injin fasa dutse ita ce babbar mayaudariya, tana fitar da ƙullutu sak na hannu, shi ya sa duk abin da aka tsinta a gefen kwalta ko kusa da sabon gini ba abin dogaro ba ne. Ɓantare ɗaya tilo ba hujja ba ne. Talatin a fili mai faɗin tabarma biyu, tare da uwar dutsen da aka ɓantaro su, wannan wurin aiki ne.

Ƙarfe

Kan kibiyar da mai yawo a Kaduna zai fi cin karo da shi na ƙarfe ne: siriri, tsawon yatsa ko fiye, da kunne ɗaya ko biyu, da wutsiyar da ake sokawa cikin kyauro, wani lokaci a murɗe don dafi ya kama. Kada a gwada tsininsa da yatsa. Dafin kwankwani yana daɗewa, tsatsa kuma ga haɗarin sandarewar wuya. A ɗauka da tsumma.

Kashin maƙera kuwa, wato ragowar narkar tama, yana nan tuli a wurare da dama. Baƙi ne mai nauyi, da ƙananan ramukan iska, samansa kamar kakin da ya kwarara ya daskare. In ka gan shi da yawa tare da gutsattsarin bututun yumɓu mai kauri da bakinsa ya narke ya yi gilashi, kana tsaye a kan tsohuwar matoyar tama. An tono irin wannan a Samaru ta Zariya a shekarun 1970, na Taruga kusa da Abuja kuma yana cikin mafi tsufa a Afirka ta Yamma, ƙarnoni kafin haihuwar Annabi Isa.

Kusan duk dutsen da ake yawo da shi ana cewa daga sama ya faɗo, kashin maƙera ne ko tama. Dutsen sama ba ya da ramukan iska. Yana da siririyar baƙar fata da wuta ta lasa, wadda ba ta kai kaurin farce ba, cikinsa kuma launi dabam. Mayen ƙarfe yana kama yawancinsu, amma yana kama wasu duwatsun ƙasa ma, don haka shi kaɗai bai isa ba. Faɗowar tana faruwa: a watan Oktoba na 1962 wani mai nauyin kilo 18 ya faɗo a Zagami ta ƙasar Katsina, daga baya aka tabbatar daga duniyar Mars ya taso. Amma wannan an ga saukarsa.

Tsingaro da mutum-mutumin Nok

Tsingaro shi ne abin da aka fi rainawa, shi ne kuma ya fi faɗin zamanin wuri. Wanda ke da amfani shi ne na baki, na gindi, da mai zane. Zanen da aka yi ta gangara totuwar masara a kan ɗanyen yumɓu yana nuna wurin bai wuce 'yan ƙarnoni ba, don masara daga nahiyar Amurka ta zo bayan shekarar 1500. Haka lofen yumɓu, taba ma baƙuwa ce. Gululun mazari, kuɗin wuri mai yankakken baya, da tsakiya ta ado, duk kayan kufan baya-bayan nan ne. Tukwanen Nok kuwa zanensu na tsaga ne da tsefe, a cikin ɗamara tsakanin layuka biyu a kafaɗar tukunya.

Nok ƙauye ne a Ƙaramar Hukumar Jaba. A 1928 aka fara fito da ɗan kan yumɓu daga ramin kuza a can. Wajen 1943 aka kai wa Fagg wani kai daga ƙasar Jama'a, wanda wani ya kafa a gonar doya yana korar tsuntsaye, shi ne ya lura salonsa ɗaya ne da na farkon. Daga 2005 masana daga jami'ar Goethe ta Frankfurt, ƙarƙashin Peter Breunig, tare da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, suka yi shekaru suna aiki daga Janjala a Kagarko. Sun nuna al'ummar ta faro wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, ta fara mutum-mutumi wajen 900, tana noman gero da wake, har an gano alamar kakin zuma a jikin tukwanenta.

Gane guntun Nok ba wuya. Yumɓun garas-garas ne, da ƙwayoyin dutse a ciki. Cikinsa rami ne, don da naɗi aka gina shi kamar tukunya. Ido mai kusurwa uku ko rabin da'ira, ƙwayar idon a huje, haka hanci da kunne da baki. Ga kitso da tulin duwatsun wuya. Kusan kullum a fashe ake samunsa, kuma masu binciken suna ganin tun asali a fashe aka binne da yawa.

Abin da ke da ciwo shi ne yawancin wuraren da masanan suka isa, 'yan tono sun riga su. Tun shekarun 1990 ake ta farke ƙasar kudancin Kaduna ana lodi zuwa Turai. Mai tonon ya karɓi abin da bai taka kara ya karya ba, gari ya rasa tarihinsa har abada. Ƙasar yankin tana da tsami, ta cinye ƙashi kaf, don haka ba mu da gawar mutumin Nok ko ɗaya. Abin da ya rage mai ba da labari shi ne gawayi da ƙonannen gero da ke kwance tare da kayan, da su ake auna shekaru. Ƙwayar gero ɗaya ta isa awon. Shebur ɗaya ya isa ya watsar da ita.

Doka ma ta yi magana. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta hana tono don neman kayan tarihi sai da izini, ta hana saye da sayar da su sai ga wanda hukumar ta amince, ta hana fitar da su waje, kuma ta wajabta wa wanda ya tsinta ya kai rahoto cikin kwana 7. Gidan tarihi na Kaduna yana kan titin Ali Akilu, tun 1975 aka buɗe shi. Akwai kuma sashen ilimin tono kayan tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello.

Ga abin da za a yi in an ga abu. Kada a ɗaga tukuna. A ajiye rula ko biro a gefensa, a ɗauki hoto daga sama kai tsaye, a ja baya taku biyar a sake ɗauka, sannan a ɗauki na uku da wani dutse ko itace da za a gane wurin da shi. A buɗe taswirar waya a rubuta lambobin wurin, kuskurensu ba ya wuce 'yan mitoci in sama a buɗe take. In abin rabinsa na cikin ƙasa, a bar shi, a rufa masa ƙasa kaɗan. In a sarari yake kuma garma ko ruwa za su hallaka shi, a sa shi a leda shi kaɗai da takarda mai kwanan wata da sunan wuri, a rubuta da fensir don tawadar biro tana zuba in ta ji danshi. Kayan wuri biyu kada su haɗu a leda ɗaya. Hoto in zai hau Facebook, a cire sunan ƙauye da lambobin wuri, domin 'yan tono ma suna da waya.

Lu'ulu'u

Giranit idan yana daskarewa, ruwan ƙarshe mai ɗauke da ma'adinai yakan kutsa cikin tsagogi ya daskare a hankali, ya bar jijiya mai manyan ƙwayoyi. A nan duwatsu masu daraja irin su tomalin, akwamarin da tofas ke girma. Alamar jijiyar a sama ita ce farin dutsen ƙanƙara a warwatse a layi ɗaya, da faya-fayan nan masu walƙiya da ake ɓarewa kamar takarda, da baƙaƙen sanduna masu tsaga a tsaye. An san yankin Gwantu da zumurrudu da akwamarin. Safaya kuwa hanyarta dabam: baƙin dutsen aman wuta ne ya ɗauko ta, ya ruɓe ya sake ta cikin tsakuwar rafi, kamar a Nisama da ke ƙasar Jama'a. Zinare yana yamma, wajen Birnin Gwari.

A rafi, mai nauyi yana kwanciya inda ruwa ya rage gudu: cikin kwana, bayan babban dutse, da tsagogin falalen da ke ƙasan rafin. Ana cika rariya mai ido milimita 2 zuwa 3 har rabi, a nutsa ta, a yi ta girgizawa sama da ƙasa kamar minti ɗaya ana juyawa, sannan a kife ta lokaci ɗaya a kan yashi. Masu nauyi sai su bayyana a sama, a tsakiya. In ba ka ga baƙin taro a tsakiyar ba, girgizar ba ta yi ba. A sani dai dokar ma'adinai ta 2007 ta sa duk ma'adinan ƙasa a hannun Gwamnatin Tarayya, haƙa don sayarwa sai da lasisi.

Launi shi ne shaida mafi rauni. Fasasshiyar kwalba da rafi ya goge ta sha cin kuɗin mutane. Fara da siffa. Lu'ulu'un ƙanƙara gefe shida gare shi, kansa da tsini, siraran layukansa a gicciye suke. Akwamarin ma gefe shida, amma kansa a shafe yake, layukansa a tsaye. Tomalin in ka kalle shi ta kai, kusurwa uku ne masu kumburi. Tofas yana karyewa a gindi shafal kamar an yanka da wuƙa, kuma ya fi ƙanƙara nauyi a hannu. Gilashi yana da ƙwayoyin iska masu zagaye a ciki, kuma ba ya sanyi a leɓe kamar dutse.

Sai tauri. A ma'aunin da ke tashi daga 1 zuwa 10, farce 2.5 ne, gilashi da wuƙa wajen 5.5, ƙanƙara 7, akwamarin 7.5 zuwa 8, tofas 8, safaya 9. Ka riƙe guntun kwalba da tsinin ƙanƙara a aljihu. Abin da bai karce kwalba ba, ba ya cikin waɗannan. Abin da ya karce ƙanƙara ya cancanci a duba shi da kyau. Kuskuren da ake yi: a ga farin layi a ce ya karce, alhali garin dutsen ne ya goge a kai. A shafa da yatsa mai yawu, sannan a ja farce a ji ko akwai rami. Kuma a gwada a gindi ko wurin da ya riga ya karye, kada a ɓata fuskar.

Gwajin da ya fi duka shi ne na nauyi, kuma ma'aunin masu zinare mai nuna 0.01 na giram ya isa. Auna dutsen a bushe. Ɗora ƙaramin kofin ruwa a kan ma'aunin ka mayar da shi sifiri. Ɗaure dutsen da zare siriri, ka nutsa shi duka a ruwan yana rataye, bai taɓa gindi ko gefe ba, ka karanta. Raba na farko da na biyu. Dutse mai giram 5.30 da ya nuna 2.00 a ruwa ya ba da 2.65, ƙanƙara ke nan. Tomalin wajen 3.1, tofas 3.5, safaya 4.0, kuza kusan 7. Akwamarin 2.7 ne, ya yi kusa da ƙanƙara ƙwarai, don haka a nan sai an koma ga siffa. Lissafi yana ɓaci in dutsen bai kai giram 2 ba, ko kumfa ta maƙale a jikinsa, ko akwai wani dutse manne da shi, ko fanka na kaɗawa. A maimaita sau uku.

Mai ƙyalli kamar zinare kuma, a goga shi a bayan tayil mara sheƙi. Zinaren ƙarya yana barin layi baƙi mai ɗan kore, in an danna masa allura ya farfashe. Zinare yana barin rawaya, allura tana lotsa shi. Tama tana barin ja. Kada a daka dutse a gida, balle a turmin abinci: garin dutsen zinare mai gubar dalma ne ya kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010. Wanda ke son tabbaci, Hukumar Binciken Ma'adinai ta Ƙasa tana da ɗakin gwaji a nan Kaduna.

Wanki da ajiya

Lu'ulu'u a jiƙa shi kwana biyu a ruwan omo, a goge da tsohon buroshin haƙori. Ruwan batir da maganin wanke masai suna cinye wasu duwatsun, suna ƙona hannu. Kada a fito da dutse daga rana a tsoma a ruwan sanyi, yana tsagewa, mai launin shunayya kuma yana kodewa in ya daɗe a taga. Kowanne a naɗe shi dabam, don tofas zai karce ƙanƙara a aljihu ɗaya. Yumɓu kada a wanke shi: ɗan santsin da ya rage a fuskarsa da baƙin da ke cikinsa su ne abin awo. A bar shi ya bushe a inuwa, kuma kada a liƙa da gam mai kamawa nan take, ba ya ɓaruwa sai da fatar kayan. Ƙarfe kada a kankare, kada a shafa masa mai, sau da yawa tsatsar ce kaɗai ke riƙe da siffar. A sa shi a roba mai murfi tare da 'yan ƙunshin nan masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi.

Dutse a juya shi da sanda, ta yadda zai buɗe nesa da kai, don kububuwa da kunama a nan suke kwana. Takalmi ya rufe idon sawu. Bangon kwazazzabo da ya jiƙa yana ruftawa ba sanarwa, tsofaffin ramukan kuza kuma ciyawa ta rufe bakinsu. A kewayen Kachia da Jaji, inda sojoji ke atisaye, duk ƙarfen da ba ka gane ba kada ka taɓa, ka sanar. In ƙashin mutum ya bayyana, a rufe a kai magana ga dagaci. Batun tsaro kuwa, labarin makon jiya ba ya aiki yau: a tambayi mutanen garin da safiyar ranar, a tafi da ɗan gari, a bar wa na gida sunan wurin da lokacin dawowa, in kuma sun ce kada a haura rafi, a tsaya a wannan gaɓar.